Jini Magayi: Shaida ko Alƙali?

Gabatarwa

Hausawa sun daɗe da yarda cewa jiki magayi ne. Mai zazzaɓi ba ya buƙatar rantsuwa, zafin goshinsa ya isa shaida. Mai ciwon shawara kuwa idonsa ne ke tona masa asiri. Abin da magabata ba su zata ba shi ne za a wayi gari jini ma ya zama magayi, har ya riƙa ba da labarin abin da bai faru ba tukuna. A yau likita na iya ɗiban jinin mutumin da ya faɗi daga babur ya bugu a ka, ya ɗiga shi a wata na'ura da ake riƙewa a hannu, cikin minti 15 ta fito da lambobi biyu. Masu bincike sun nuna cewa lambobin nan suna da alaƙa mai ƙarfi da ko mutumin zai rayu, da kuma ko zai iya riƙe kansa bayan wata shida.

Wannan nasara ce ta kimiyya, amma ta zo da tambayar da kimiyya ita kaɗai ba za ta amsa ba. Idan jini ya ce da wuya majinyaci ya tashi, me ya wajaba a kan likita, me kuma ya halatta ga dangi? Shin a daina ɗawainiya da shi, ko a toshe kunne? Zan duba wannan tambaya daga inda na fi sani, wato Rurum Tsohon Gari da ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya, inda babur ne motar ɗaukar marasa lafiya, rumbu kuma shi ne asusun jinya. Matsayina shi ne lambar jini shaida ce, ya kamata a saurare ta da kunnen basira, amma duk ranar da aka ɗora ta a kan buzun alƙali, to an zalunci majinyaci, an kuma zalunci ilimin kansa.

Abin da jini yake faɗa

Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai a killace, kuma akwai wani shinge na halitta da ke raba ta da jinin da ke zagaya jiki. Idan kai ya bugu da ƙarfi, ƙwayoyin halittarta sukan fashe, shingen ya tsage, wasu nau'o'in furotin da ya kamata su zauna a ciki su malalo cikin jini. Biyu daga cikinsu ne suka fi shahara. Na farko, wanda ake taƙaita sunansa da GFAP, yana fitowa ne daga ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Na biyu, UCH-L1, daga jijiyoyin kansu yake fitowa. Gwargwadon girman ɓarnar, gwargwadon yawansu a jini, kamar yadda yawan hatsin da ya zube a kan hanya ke nuna girman yagewar buhu.

Kafin wannan gwaji, likitoci sun dogara ne da ma'aunin da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a birnin Gilasgo a shekarar 1974. Ana duba buɗe ido da magana da motsin majinyaci a ba shi maki daga 3 zuwa 15. Sai kuma hoton ƙwaƙwalwa na na'urar siti-sikan, wanda ke nuna ko jini ya taru a cikin kai. A watan Fabrairun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko da ke auna furotin ɗin nan biyu, bayan an jarraba shi a kan mutum kusan 2,000. A wannan jarrabawa, cikin duk mutum 100 da hoto ya nuna rauni a ƙwaƙwalwarsu, jini ya gano fiye da 97. A watan Janairun 2021 aka amince da na'urar hannu ta kamfanin Abbott, a 2024 kuma aka amince da samfurin da ake yi a gefen gado ba tare da an tace jinin ba.

Sai a shekarar 2022 Frederick Korley na Jami'ar Mishigan da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon da ya tayar da tambayar da nake magana a kai. Sun bi diddigin majinyata 1,696 daga manyan asibitoci 18 na Amurka, suka gwama jinin ranar haɗari da halin da mutum yake ciki bayan wata shida. Ga yadda za a fahimci sakamakon: a ɗauko mutum biyu, ɗaya ya rasu ɗaya ya rayu, a ɓoye sunayensu, a ce wa mai gwaji ya nuna mamacin daga lambar jini kawai. Zai dace sau 87 zuwa 89 cikin 100. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta, kuma ga alama jini ya iya karanta Laraba.

Inda bakin shaidar ya tsaya

Mai adalci ba ya karɓar rabin magana. Binciken nan da ya nuna ƙarfin jini wajen hasashen mutuwa da naƙasa mai tsanani, shi ne kuma ya nuna rauninsa wajen hasashen cikakkiyar warkewa. Da aka tambayi lambobin wa zai koma daidai yadda yake da wa zai saura da matsala, sun dace ne sau 61 zuwa 62 kacal cikin 100, alhali mai canki-canka ma yana dacewa sau 50. Ashe tambayar da ta fi damun uwa da mata, wato ko zai koma gona, ko zai gane 'ya'yansa, ko zai iya jan sallah kamar da, ita ce jini ya fi ƙaranta sani a kanta.

Na biyu, lambar tana magana ne a kan taro. Idan aka ce cikin mutum 100 masu irin wannan lamba 80 ba za su tashi ba, an faɗi gaskiya a kan ɗarin, amma ba a ambaci sunan kowa ba. Mutum 20 ɗin da za su tashi suna kwance a kan gadaje iri ɗaya da sauran, babu tambari a goshinsu. Uban da ke tsaye a bakin ƙofa ɗa ɗaya gare shi a ciki, ba ɗari ba.

Na uku, lokaci na sauya ma'anar lambar. Binciken da Linda Papa ta jagoranta a 2016 ya nuna cewa UCH-L1 yakan kai ƙololuwa wajen awa 8 bayan rauni sannan ya sauka da sauri, GFAP kuwa sai wajen awa 20. Majinyacin da aka kwana biyu ana yi masa tofi da shafe-shafe a gida kafin a kai shi asibiti, jininsa ya riga ya canza zance. Na huɗu, ma'auni yana ɗauke da kamannin mutanen da aka auna. Akwai wani furotin mai suna S100B da ƙasashen arewacin Turai suka shigar cikin ƙa'idojinsu a 2013, kuma an tabbatar cewa baƙar fata, ko lafiyarsa ƙalau, yakan fi farar fata yawansa a jini. Haka tsofaffi sukan fi matasa yawan GFAP. Mudun Dawanau ba lallai ya zo daidai da mudun wata kasuwa ba, duk da sunansu ɗaya.

Daga Rurum zuwa Kano

Duk waɗannan alƙaluma an tattara su ne a inda motar asibiti ke isowa cikin mintoci. A ƙasarmu lamarin daban yake. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, yankin nan ya cika da zirga-zirgar masunta da manoman rani da 'yan kasuwa, kuma yawancinta a kan babur ake yi. Gwamnatin Kano ta hana achaɓa a birni a watan Janairun 2013, amma a karkara babur ne jakin zamani: shi ke kai amarya, shi ke kai taki, shi ke kai mai naƙuda. Hular kwano kuwa ba ta karɓu ba. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su ruɗi jami'ai, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100.

Mu ɗauka saurayi ya faɗi da magariba a hanyar Rurum zuwa Rano. Waɗanda suka fara isa wurinsa za su ciccibe shi ba tare da tallafe wuyansa ba, wataƙila su zaunar da shi a tsakiyar mutum biyu a kan wani babur. Daga asibitin Rano, idan abin ya fi ƙarfinsu, sai a tura shi Kano, inda manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suke da na'urar hoto da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Tsakanin faɗuwa da isa hannun ƙwararre akwai neman mota, da neman kuɗin mai, da tafiyar da ta haura awa guda, da jiran wanda zai ba da rance. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ba bugun farko kaɗai ke kashe ƙwaƙwalwa ba. Ƙarancin iska da faɗuwar bugun jini a sa'o'in da suka biyo baya suna ƙara ɓarna, kuma tun a 1993 aka nuna cewa faɗuwar bugun jini sau ɗaya tak na iya ninka haɗarin mutuwa.

Ma'anar wannan ita ce, idan aka ɗebi jinin wannan saurayi a Kano da asuba, lambar da za ta fito ba labarin faɗuwarsa kaɗai take bayarwa ba. A cikinta akwai ramukan hanya, akwai hular da bai saya ba, akwai awannin da aka ɓata ana ƙirga kuɗi. Wanda ya karanta lambar ya ce ƙaddararsa ce, ya haɗa abin da Allah Ya hukunta da abin da mutane suka yi sakaci a kansa ya zuba a ƙwarya ɗaya. Wannan shi ne kuskuren ɗabi'a na farko da nake tsoro: a mayar da shaidar da ke tuhumar al'umma ta koma hukunci a kan wanda aka cuta.

Hasashen da ke cika kansa

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayani a 1948 kan hasashen da ke haifar da abin da ya hasasa. Idan aka yaɗa cewa ɗan kasuwa zai karye, masu binsa bashi suka taso masa a rana ɗaya, zai karye, masu jita-jita kuma su ce ai dama sun faɗa. A ɗakin gobe-da-nisa abin yakan faru kamar haka: a ce majinyaci ba zai tashi ba, a janye masa na'urar taimakon numfashi, ya rasu, a rubuta rasuwarsa cikin alƙaluman da za su tabbatar wa likitocin gobe cewa masu irin lambarsa ba sa tashi.

Wannan ba zato ba ne. Wani bincike da Alexis Turgeon ya jagoranta a asibitoci shida na Kanada, wanda aka wallafa a 2011, ya duba majinyata 720 masu mummunan rauni a ka. Kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka rasu, sun rasu ne bayan an janye musu na'urori, kuma kusan rabin wannan ya faru cikin kwana uku na farko. Yawan mace-macen ya bambanta daga kimanin kashi 11 a wani asibiti zuwa kashi 44 a wani. Sannan a 2021 Michael McCrea da abokansa suka bi diddigin wasu majinyata masu rauni a ka. A mako na biyu, kimanin kashi 12 cikin 100 ne kawai na masu mummunan rauni suka kai matsayin iya zama a gida na wasu sa'o'i ba tare da mai kula ba. Bayan shekara guda sun haura kashi 50. Cikin mutum 79 da ba su san inda kansu yake ba a mako na biyu, 62 sun farfaɗo kafin shekara ta zagayo. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Mai karatu na iya cewa wannan matsalar masu na'urori ce. A nawa ganin ta fi tsanani a wurinmu, don a nan abin da ake janyewa kuɗi ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, amma hoto da tiyata da magani da abincin masu jinya duk suna jiran dangi. Na taɓa zaman jinya a wani asibiti, na ji wani dattijo ya tari likita a baranda ya ce, “Likita, don Allah ka gaya mini tsakaninka da Allah, in sayar da gonar ko in bari?” Likitan ya yi shiru, sannan ya ce, “Baba, mu ga abin da kwana biyu za su nuna.” Da a ce likitan nan yana riƙe da takarda mai babbar lamba, ya kuma furta cewa sai dai addu'a, da yammacin ranar an nemi mota an koma gida. Majinyacin zai cika a ɗakin mahaifiyarsa, kowa ya ce kwana ya ƙare, na'ura kuma ta ƙara suna a matsayin mai faɗin gaskiya.

Shin shiru ya fi?

Duk da haka ba na tare da masu cewa a rufe wannan ƙofa gaba ɗaya. Suna da hujjoji biyu, kuma kowacce ta cancanci amsa. Ta farko ta addini ce: sanin ranar mutuwa na Allah ne, kamar yadda ƙarshen Suratu Luƙman ya tabbatar, don haka hasashen likita kutse ne cikin gaibu, ɗan'uwan duba. Amsa ita ce malamai sun bambanta mai da'awar sanin gaibu da mai kafa hujja da alama. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanya bai yi bokanci ba. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba, bai kuwa ɗauki hakan gudun ƙaddara ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. Auna jini karanta alama ne. Yana zama laifi ne kawai idan mai karantawa ya manta cewa alama ce.

Hujja ta biyu ta al'ada ce. Mu mutane ne da ko majinyaci na gargara, in an ce ya jiki, sai a ce da sauƙi. Akwai hikima a cikin wannan, don kalma mai daɗi na riƙe zuciya. Amma idan da sauƙi ta fito daga bakin likita alhali ya san akasin haka, ta zama wani abu daban. Gonar da dattijon nan zai sayar ita ce abincin marayun da za a bari. Wanda ya ɓoye masa gaskiya ya bar shi ya yi cinikin da ba zai yi ba da ya sani, kuma wannan ma zalunci ne, ko da tausayi ne ya jawo shi. Akwai kuma lokacin da ci gaba da jinya ba ya ƙara komai sai wahala; ko Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta cire na'urori idan ƙwararru suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya. Saboda haka shiru ba mafita ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Matsalar tsohuwa ce. Wata takardar likitanci ta Masar da aka kwafa kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa ta jera raunuka 48, ta faro daga na kai, ta kasa su gida uku: wanda likita zai magance, wanda zai yi kokawa da shi, da wanda ya fi ƙarfin magani. Abin lura shi ne, ko a wasu daga cikin kashi na ukun, marubucin ya ci gaba da bayanin yadda za a kula da majinyaci. Tun a wancan zamani an gane cewa faɗin gaskiya game da ciwo ba izinin juya wa mai ciwo baya ba ne.

Ladubban sauraron shaida

Idan ba za a yi shiru ba, ba kuma za a bar lamba ta yanke hukunci ba, ina mafita? Ina ganin tana cikin tsarin da kowane mutumin Rano ya sani daga kotun alƙali. A fiƙihun Malikiyya shaida ba ya yanke hukunci. Ana tantance adalcinsa, ana neman wani ya ƙarfafa shi, sannan kafin a rufe shari'a ana yi wa wanda hukunci zai hau kansa i'izari, wato a tambaye shi ko yana da sauran magana. Waɗannan matakai uku su ne nake ganin ya wajaba a bi da lambar jini.

Tantancewa ita ce a gwada ma'aunin a kan mutanenmu kafin a dogara da shi, a san yadda yake a jinin Bahaushe da Bafulatani, a jinin wanda ya iso bayan awa 2 da wanda ya iso bayan awa 30. Wannan aiki ne na jami'o'inmu da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato. Ƙarfafawa ita ce kada lamba ta tsaya ita kaɗai: a haɗa ta da makin Gilasgo, da yadda ƙwayar ido ke amsa haske, da hoto, da shekarun majinyaci, da yadda yake sauyawa daga safiya zuwa maraice. I'izari kuwa shi ne lokaci. Mutumin da ke cikin dogon suma ba shi da bakin kare kansa, kwanaki ne kaɗai ke magana a madadinsa. Ƙungiyar likitocin kula da masu mummunan ciwon ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba da shawara a 2015 cewa a jira aƙalla awa 72 ana cikakkiyar jinya kafin a yanke ƙauna. Idan attajirin Amurka ya cancanci kwana uku, ɗan achaɓan Kibiya ma ya cancance su. Kuma tun da talauci ne ke hana shi samun su, biyan kuɗin waɗannan kwanaki haƙƙi ne a kan hukuma da masu zakka da ƙungiyoyin gari, domin adalcin da sai mai kuɗi ke samun i'izari a cikinsa ba adalci ba ne.

Akwai kuma ladabin furuci. Likita na iya cewa, “Baba, jinin ya nuna raunin babba ne. Da yawa masu irinsa ba sa tashi, wasu kuma suna tashi, kuma yau ba za a iya bambance su ba. Nan da kwana uku za mu fi sani, kada ka sayar da komai kafin mu sake zama.” Wannan magana ba ta ɓoye ɗacin gaskiya ba, ba ta kuma ƙara mata ɗacin da babu shi ba. Ta bar wa dattijo mutuncinsa na mai yanke shawara, ta bar wa majinyaci damarsa.

Daɗin daɗawa, ya kamata a tuna abin da aka ƙera gwajin dominsa. Hukumar Amurka ta amince da shi ne don a tantance wanda ke buƙatar hoton ƙwaƙwalwa cikin manya masu raunin da ake ganin mai sauƙi ne, ba don a zaɓi wanda za a daina jinya ba. A nan ne amfaninsa ga karkara ya fi fitowa. Akwai wanda zai faɗi ya miƙe ya karkaɗe riga, ya yi hira da mutane, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa; bayan 'yan sa'o'i ya yi shiru, ba ya sake tashi. Irin wannan tiyatar gaggawa na ceton sa. Da asibitin karkara zai sami wannan na'ura, da firjin adana kayanta da wutar da za ta riƙe shi, da ma'aikacin jinya zai iya cewa wannan a wuce da shi Kano yanzu-yanzu, wancan kuma a kwantar da shi a sa masa ido, a huta da kuɗin mota da na hoto. Lamba ɗaya ce, amma a nan tana kiran mutane su tashi tsaye.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ma'aunin da nake ba da shawara a riƙe mai sauƙi ne. Duk lokacin da lambar jini ta ce a ƙara himma, a gaggauta, a tafi Kano cikin dare, to shaidarta ita kaɗai ta isa a yi aiki da ita, don in ta yi kuskure asarar kuɗin mai ce. Duk lokacin da ta ce a sassauta, a koma gida, to ba ta isa ba sai an tantance ta, an ƙarfafa ta, an kuma ba majinyaci kwanakinsa, don in ta yi kuskure a nan babu ɗaukaka ƙara. Rashin daidaiton nan ba son zuciya ba ne. Nauyin kuskuren biyu ne ba ɗaya ba.

Ilimi zai ci gaba da kaifi, kuma wataƙila nan gaba jini ya dace sau 95 cikin 100. Ko a ranar, mutum biyar ɗin da suka saura suna da iyaye. Abin da za a tambaye mu a kansa ba ko mun san gobe ba ne, don ba a ɗora mana sanin ta ba. Za a tambaye mu hular da ba mu sa ba, da hanyar da ba mu gyara ba, da kwana ukun da muka hana wanda ba shi da bakin roƙon su. Hausawa sun ce in da rai da rabo. Aikin likita da dangi da hukuma shi ne su tsare ran, su bar rabon ga Mai rabawa.